Zunubi, Tuba da Tsarki: Amsoshin Tambayoyin Masu Bi a Arewacin Kamaru

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi tasowa a ajin baftisma, da taron zumuntar mata, da nazarin Littafi Mai Tsarki tsakanin masu bi da ke jin Hausa, daga Gaundare zuwa Garwa da Marwa, har Kuseri da Njamena. Mai riƙe da tsohuwar fassara ta 1932 zai ga Yohanna inda muka rubuta Yahaya, Misalai a maimakon Karin Magana, Kubawar Shari'a a maimakon Maimaitawar Shari'a. Surori da ayoyin ba su canza ba.

Mene ne zunubi? Ba abin kunya ake nufi ba?

A'a, kuma a nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Abin kunya shi ne abin da zai zubar maka da mutunci idan jama'a suka ji. Zunubi kuwa saɓa wa Allah ne, ko an ji ko ba a ji ba. Magidanci ya nemi gafarar matarsa a gaban yara, wasu za su ce ya kunyata kansa, alhali bai yi zunubi ba. Ɗan kasuwa ya lotsa gindin mudunsa ciki don ya rage awo, ba wanda ya gani, har ana ba shi kujerar gaba a coci, amma Karin Magana 11:1 ta ce ma'aunin zamba abin ƙyama ne ga Ubangiji.

Littafi Mai Tsarki ya bayyana zunubi ta fuskoki da dama. Ƙetare dokar Allah ne (1 Yahaya 3:4). Sanin abin da ya dace a ƙi yinsa ma zunubi ne (Yakubu 4:17): maƙwabciyarka gwauruwa ta kwana da yunwa, rumbunka cike da dawa, ka yi shiru. Sannan akwai na zuci. A Markus 7:21-23 Yesu ya jera sata da zina da kisa tare da hassada da girman kai, ya ce duk daga cikin zuciya suke fitowa. Shi ya sa Romawa 3:23 ba ta ware kowa ba, har fasto da dattawan ikkilisiya.

Jaririn da bai san komai ba, yaya za a ce yana da zunubi?

Maƙwabtanmu Musulmi sukan yi wannan tambaya, domin a koyarwarsu ana haifar yaro da tsarkin asali, kuma ba mai ɗaukar nauyin wani. Ya kamata a amsa musu da ladabi da gaskiya.

Kirista bai ce jariri ya yi sata ko ƙarya ba. Ezekiyel 18:20 ma ta ce ɗa ba zai ɗauki hukuncin laifin ubansa ba. Abin da ake kira zunubin gado hali ne da ake haifar mu da shi tun faɗuwar Adamu (Farawa 3, Romawa 5:12), zuciyar da ta karkata ga son kai tun kafin ta san doka. Ba wanda ke zaunar da yaro ya koya masa rowa ko ɗora wa ƙanensa laifi. Gaskiya da rabawa su ne ake shan wahalar koyarwa.

An yi wannan muhawara a nan Afirka tun da daɗewa. Wani malami, Felajiyus, ya koyar cewa mutum na iya zama marar zunubi da ƙoƙarinsa. Agustin, bishop na Hippo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya, ya ƙi wannan, taron ikkilisiya na Kartaj kuma ya yi watsi da koyarwar a shekara ta 418. Amfanin sanin wannan a yau shi ne kada mu ɗauka gyaran hali kaɗai ya isa. Ana bukatar sabuwar haihuwa (Yahaya 3:3).

Mugun tunani ya faɗo mini a rai. Na yi zunubi ke nan?

Ba lallai ba. An jarabci Yesu ta kowace hanya, bai yi zunubi ba (Ibraniyawa 4:15). Yakubu 1:14-15 ya nuna yadda abin ke tafiya: sha'awa ta ja mutum, ta yi ciki, ta haifi zunubi, zunubi ya girma ya haifi mutuwa. Iyakar tana wurin amincewa. Ka ga kuɗin baiko a kan tebur, zuciya ta ce ɗauka, wannan jaraba ce. Ka fara lissafin lokacin da ma'aji zai fita, ka riga ka ƙetare.

Duk zunubi ɗaya ne, ko akwai babba da ƙarami?

Amsar da za ka ji ta danganta da cocin da kake. A yankinmu akwai Lutheran, waɗanda mishan 'yan Norway suka iso musu Gaundare a 1925, akwai Katolika, da aikinsu ya kafu sosai bayan isowar limaman Oblat ƙarƙashin Yves Plumey a 1946, akwai kuma cocin bishara iri-iri.

Katolika sun raba zunubi biyu: mai kisa da mai sauƙi. Kafin ya zama mai kisa sai abu uku sun haɗu: al'amarin babba ne, mutum ya san haka sarai, kuma ya yi da cikakken nufinsa. Furotesta ba su cika yin wannan rabo ba, suna jingina ga Yakubu 2:10, cewa wanda ya karya doka ɗaya ya zama mai laifi ga dukanta. Amma kowa ya yarda ɓarnar ba ɗaya ba ce. Yesu da kansa ya ce wa Bilatus wanda ya bashe shi ya fi zunubi (Yahaya 19:11). Kada dai wani ya fake da "ai duk ɗaya ne" ya ƙara zurfi, kada kuma ya fake da "ai ƙarami ne" ya zauna a ciki.

Yaya ake tuba ta gaskiya?

Hausawa na da suna ga ta ƙarya: tuban muzuru, ana kuka ana hararar kaji. Bulus ya bambanta baƙin ciki iri biyu a 2 Korantiyawa 7:10. Na duniya shi ne jin zafin an kama ka. Na Allah shi ne jin zafin ka saɓa masa, ko da asirinka a rufe yake. Yahuza ya yi nadama ya rataye kansa, Bitrus ya yi kuka ya komo. Ga yadda tuba take a aikace.

Da farko, kira zunubin da sunansa a gaban Allah. "Ka gafarta mana zunubanmu masu yawa" addu'ar taro ce. A ɗakinka ka ce: na jiƙa audugata da ruwa kafin awo, na ci kuɗin adashin mata, na yi wa wance ƙazafi. Dawuda bai yi kwana-kwana ba a Zabura 51.

Na biyu, bar kawo hujja. Da zarar "amma ai shi ya fara" ta shigo, furci ya koma kare kai, irin na Adamu da ya nuna Hawwa'u.

Na uku, gaskata alkawarin gafara. 1 Yahaya 1:9 ta ce idan muka furta zunubanmu, shi mai aminci ne mai adalci, zai gafarta ya kuma tsarkake mu. Shaidar bangaskiya ta Augsburg ta 1530, wadda Lutheran ke bi, ta ce tuba kashi biyu ce: karyewar zuciya, da bangaskiyar cewa an gafarta saboda Almasihu. Wanda ya tsaya a kashin farko kaɗai zai ƙare cikin fid da zuciya.

Na huɗu, rabu da abin. Karin Magana 28:13 ta haɗa furtawa da rabuwa wuri ɗaya.

Na biyar, kuma wannan ne aka fi tsallakewa: mayar da haƙƙi. Littafin Firistoci 6:1-7 ya ce wanda ya ci amana, ko ya yi ƙwace, ko ya tsinci abu ya yi musu, zai mayar da shi cif, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar, sannan ya kawo hadayarsa. Wato idan sefa 20,000 ka ci, 24,000 za ka mayar. Zakka na Yariko ya wuce nan, ya ce ninki huɗu zai biya duk wanda ya zalunta (Luka 19:8). Ba a ɗora wa Kirista wani adadin ƙari a matsayin doka ba, amma uwar kuɗin ba ta da makawa. Ka lura da jerin: a biya mutum tukuna, sannan a zo gaban bagade. Haka Yesu ya ce a Matiyu 5:23-24, ka ajiye baikonka, ka je ka shirya da ɗan'uwanka. Zuba kuɗin sata a kwandon baiko ba ya wanke su.

Idan ba ka da kuɗin gaba ɗaya, je wurin mai haƙƙi tare da dattijo ɗaya, ku yanka abin da za ka riƙa biya duk wata ko duk kaka, a rubuta. In ya yafe, to, ya yafe. Kai dai ba ka da ikon yafe wa kanka kayan wani.

Mai haƙƙin ya rasu, ko ban san adadin waɗanda na cuta ba. Yaya zan yi?

Littafin Ƙidaya 5:5-8 ya amsa rabin farko: a ba danginsa, in babu dangi a ba Ubangiji. Don haka magada ake nema tukuna, matarsa da 'ya'yansa, kafin a yi zancen coci.

Na tauye mudu ya fi wuya, don masu saye sun watse. Yi lissafi da gaskiya. A ce mudunka ya gaza da kashi ɗaya cikin goma, kana auna mudu 30 a rana. Kowace rana ka riƙe mudu 3 na mutane, cikin kwana 100 ya zama 300. Fasa wannan mudun yau, kada ka sayar wa wani ya ci gaba da cuta da shi. Abokan cinikin da ka sani, ka gaya musu, ka riƙa yi musu gyara mai kauri har ka cike. Ragowar ka fitar da shi hatsi ga gwauraye da marayu, ba tare da an yi shela da sunanka ba, don biyan bashi kake yi, ba kyauta ba.

Wanda ya ɓata sunan wani kuwa, a inda ya ɓata a nan zai gyara. Idan a zauren WhatsApp ka yaɗa ƙaryar, a can za ka rubuta cewa ƙarya ce.

Dole ne in furta wa fasto ko fada?

Ga Katolika, furta manyan zunubai ga fada, wato limaminsu, wajibi ne, aƙalla sau ɗaya a shekara, doka ce tun taron Lateran na 1215, kuma an haramta wa fada bayyana abin da ya ji ko da za a kashe shi. Lutheran suna furci tare a farkon sujada, fasto ya sanar da gafara, ƙofar furci a keɓe kuma a buɗe take. Sauran cocin bishara sun fi nanata furtawa ga Allah kai tsaye, tare da Yakubu 5:16, ku furta wa juna.

Ƙa'ida mai amfani ga kowa: faɗin furci ya yi daidai da faɗin laifin. Na zuci, ga Allah. Wanda ya taɓa mutum ɗaya, ga Allah da mutumin. Wanda gari ya sani, a gaban ikkilisiya. Mun ga ɓarnar da ake yi da sunan shaida, inda mutum zai miƙe ranar Lahadi ya ambaci sunan matar wani a gaban jama'a. Wannan ya sauke nauyinsa ne a kan wata. Maganar zina musamman, a fara kai ta ga fasto ko dattijuwa mai riƙon asiri, a shirya yadda za a gaya wa miji ko mata ba tare da an jefa ran wani cikin haɗari ba.

In sai na yi duk wannan, ashe da aikina nake samun ceto?

Ko kusa. Afisawa 2:8-9 ta ce ta wurin alheri aka cece ku, ta hanyar bangaskiya, kyautar Allah ce, ba ta ayyuka ba. Ɓarawon da ke kan gicciye bai sami damar mayar da ko dala ba, aka ce masa yau za ka kasance tare da ni a Firdausi. Amma a ci gaba zuwa aya ta 10: an halicce mu cikin Almasihu domin kyawawan ayyuka. Zakka bai biya don Yesu ya shiga gidansa ba. Yesu ya riga ya shiga, shi ya sa hannunsa ya buɗe.

Bulus da Yakubu ba faɗa suke ba. Bulus na magana da mai son sayen ceto, Yakubu na magana da mai cewa ya gaskata alhali ba abin da ya motsa a rayuwarsa, har ya tuna masa aljanu ma sun gaskata Allah ɗaya ne, suna rawar jiki (Yakubu 2:19). Wannan batu ne ya raba ikkilisiyar Turai tun daga Martin Luther a 1517. A ranar 31 ga Oktoba 1999, a Augsburg ta Jamus, Katolika da Tarayyar Lutheran ta Duniya suka sa hannu kan sanarwa ɗaya cewa ta alheri kaɗai Allah ke karɓar mu, Ruhu Mai Tsarki kuma ya kira mu ga ayyuka nagari.

Mene ne tsarki? Sutura ce da ɗaurin ɗankwali?

A bakin yau da kullum, tsarki wanke jiki ne da ruwa. A Littafi Mai Tsarki ma'anarsa keɓewa domin Allah. Mai bi tsarkakakke ne tun ranar da ya ba da gaskiya, shi ya sa Bulus ya kira Korantiyawa tsarkaka duk da rigingimunsu. Sannan yana ci gaba da tsarkakewa har mutuwa. Na farko an gama, na biyu ana kan yi.

Mai son ganin tsarki da idonsa ya karanta Littafin Firistoci sura 19. Ta fara da "ku zama masu tsarki", sai ta gangaro gona da kasuwa: kada ka girbe gonarka har gefe, bar kala ga matalauci da baƙo, kada ladan ɗan ƙodago ya kwana a hannunka, kada ka zagi kurma, kada ka yi son kai a shari'a, mudu da sikeli su zama na gaskiya, ka ƙaunaci maƙwabcinka kamar kanka. Wanda ya ɗauki yara dashen muskuwari, wato dawar rani, a karal, ƙasar laka da ake dasa ta, rana ta faɗi ya ce su dawo jibi alhali kuɗin na aljihunsa, ya karya dokar tsarki ko da farar riga ya sa ranar Lahadi. Suturar mutunci na da kyau, 1 Timoti 2:9 ta faɗa. Sai dai Yesu ya kira masu gyara waje su bar ciki kaburburan da aka shafa wa farar ƙasa (Matiyu 23:27).

Laya, guru da zuwa wurin boka fa? Ai don kariya ne kawai.

Maimaitawar Shari'a 18:10-12 ta hana duba, sihiri da neman matattu. Matsalar laya ita ce ta raba dogararka biyu. A Afisa, waɗanda suka tuba sun tattaro littattafan sihirinsu suka ƙone a fili, kuɗinsu ya kai azurfa 50,000 (Ayyukan Manzanni 19:19). Ba su sayar ba.

Ka fito da duka, har da wanda aka binne a bakin ƙofa da wanda ke wuyan jariri. Kira fasto ko dattawa biyu, a yi addu'a, a ƙone. Kada ka yi shi kai kaɗai da dare, don tsoro kan sa mutum ya rage ɗaya "saboda halin ko-ta-kwana". Idan kaka ce ta ɗaura wa yaron, a yi mata bayani da girmamawa kafin a cire.

Saiwa da sassaƙe don magani ba sihiri ba ne, muddin ba a haɗa da yanka, surkulle ko kiran iskoki ba. Annabi Ishaya ya sa a ɗora wa Hezekiya curin ɓaure a kan maruru (Ishaya 38:21). Yaro na zazzaɓi yana sanƙarewa, a yi addu'a a kan hanyar asibiti. Haka kuma ruwa ko man da wani ke sayarwa da sunan Yesu, yana cewa ikon na cikin kwalbar, laya ce da aka sauya wa riga. Bitrus ya tsawata wa Siman da ya so sayen baiwar Allah da kuɗi (Ayyukan Manzanni 8:20).

Shan bil-bil, giyar dawa, zunubi ne?

Buguwa zunubi ce, babu gardama (Afisawa 5:18, Galatiyawa 5:21). Cocin bishara da yawa a nan sun hana mambobinsu sha da dafawa gaba ɗaya, Katolika kuwa buguwa suka haramta. Bi alkawarin da ka ɗauka a cocinka, ka kuma auna da Romawa 14:21: idan shanka zai sa ɗan'uwa tuntuɓe, bari. Arki ya fi haɗari nesa, don tatacce ne, ba wanda ya san ƙarfinsa. Matar da ke dafa giya don kuɗin makarantar 'ya'yanta, kafin a ce mata ta bari, zumuntar mata ta haɗa mata jarin man gyaɗa ko ƙosai.

Na tuba sau da yawa, ina sake faɗawa cikin abu ɗaya.

Bulus ya san wannan yaƙi (Romawa 7:19). Wanda ya ce wa Bitrus ya yafe sau saba'in sau bakwai ba zai gaji da kai ba. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, don haka nemo tsagar. Mako biyu ka riƙa rubuta lokacin, wurin, wanda kake tare da shi, da halin da kake ciki: gajiya, fushi, kaɗaici, ko ranar da kuɗi suka shigo. Za ka ga abin na da hanyar da yake bi. Toshe ta. Idan cacar ƙwallo ce ta waya, goge manhajar, ranar albashi ka miƙa kuɗin cefane da na haya kafin ka zauna. Idan wata hanya ce ke bi ta ƙofar wani gida, sauya hanya ko da ta fi nisa. Sami mutum ɗaya, namiji ga namiji, mace ga mace, da zai tambaye ka kai tsaye duk mako. Sannan cike gurbin: Afisawa 4:28 ba ta tsaya a "ɓarawo ya daina sata" ba, ta ce ya yi aiki da hannunsa har ya sami abin ba mabukaci.

Ta yaya zan san bangaskiyata ta gaske ce?

An rubuta wasiƙar 1 Yahaya don wannan (5:13). Ta ba da ma'auni uku: kana shaida Yesu Almasihu Ɗan Allah ne da ya zo cikin jiki, kana kiyaye umarninsa, kana ƙaunar 'yan'uwa da aiki ba da baki kaɗai ba. Mafarki, annabci da mu'ujiza ba sa cikin jerin. Matiyu 7:22-23 ta ce wasu za su zo da su a ce ba a san su ba. Kuma ba kamala ake nema ba, alkibla ake dubawa: bana da bara, akwai bambanci? Matarka, yaron shagonka da mai bin ka bashi sun fi ƙungiyar mawaƙa sanin amsar.

Ina tsoron na yi zunubin da ba a gafartawa.

Karanta Markus 3:22-30. Malaman Attaura sun ga aikin Ruhu Mai Tsarki da idonsu, suka ce na Shaiɗan ne, da gangan, suka kafe. Mai wannan hali ba ya neman gafara. Kai da abin ya dame ka har kake tambaya, je ka ga fastonka a wannan makon, kada ka zauna da tsoron kai kaɗai.

Me ya sa ake sa mutum a horo, kuma yaya ya kamata a yi?

Don a komo da shi. Matiyu 18:15-17 ta shimfiɗa matakai: kai da shi kaɗai, in ya ƙi ka zo da mutum ɗaya ko biyu, in ya ƙi a kai ga ikkilisiya. Inda ake kuskure sananne ne. Ana tsallake matakin farko, magana ta zaga unguwa kafin mai laifin ya ji. Ana horon yarinyar da ciki ya bayyana, a bar namijin yana karanta nassi. Ana kau da kai ga mai ba da babban baiko. Laifi tudu ne, Galatiyawa 6:1 ta ce mai gyara ya yi da tawali'u yana lura da kansa. Fyaɗe da cin zarafin yara kuwa ba a rufe su da horon coci. A kai wa hukuma, a kula da wanda aka cuta tukuna.

Ranar da aka sa mutum a horo, a gaya masa dalili, da abin da ake jira ya yi, da ranar da dattawa za su sake zama a kan maganarsa. A naɗa dattijo ɗaya da zai riƙa ziyartarsa. Idan ya tuba, 2 Korantiyawa 2:6-8 ta ce a yafe masa, a ta'azantar da shi, kada baƙin ciki ya haɗiye shi. A sanar da komowarsa a gaban jama'ar da suka ji an dakatar da shi, a ba shi Jibin Ubangiji tare da kowa a karo na gaba.